Likkafanin da Ya Yi Tafiya

Ku da kuke shigowa shagon nan kuna cewa ai keke ne ke ɗinki, tela taka ƙafa kawai yake yi, ku ja kujera ku zauna. Keke ba ya tambaya. Duk abin da ka tura masa ƙarƙashin allura zai haɗe maka shi, rigar ango ce ko ta gawa, shi ba ruwansa. Tambaya ita ce aikin tela. Ranar da na bar ta kuwa, na ɗinka abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

Aikin farko da aka damƙa min a Funtuwa wandon wani ɗan dako ne da ya yage a gwiwa. Na zauna na yi masa faci mai kyau, ɗinki a matse, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Na kai wa maigidana, Alhaji Ɗanjuma, ina jiran yabo. Ya juya shi, ya sa bakin almakashi ya farke shi tas.

"Wa zai sa?" ya ce. "Ina za shi da shi? Su wa za su gan shi a ciki?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to ban fara ɗinki ba tukuna. Mai wandon durƙusawa yake yi ya ɗauki buhu, facin da na matse kafin azahar zai sake yagewa. Tambayoyin nan da su na tashi. Kafin in iya riƙe almakashi daidai, kafin in san yadda ake sa zare a ƙoshiya, su na fara haddacewa.

A wurinsa kuma na koyi likkafani. In aka yi rasuwa a unguwa, Alhaji Ɗanjuma zai rufe keke da zane, ya shimfiɗa tabarma, ya yi alwala. Ba ya sa wa farin yadin almakashi sai ɗan tsaga a baki, sauran da hannu yake yagawa. Zaren daga jikin yadin ake zare shi, kuma ba a ƙulla bakinsa. Ba a hira, ba a ciniki. Daga gefe ake yago igiyoyin ɗauri, na kai, na tsakiya, na ƙafa. Haka muka gani a garinmu, haka hannuna ya riƙe.

Wani likita ɗan garinmu ne ya jawo ni Doha, don ya gaji da aika awo gida ana dawo masa da kaftani kamar na aro. Na sami wuri a shagon kafil ɗina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, nan Al Asmakh cikin tsofaffin gidaje. Masu kawo min ɗinki mutanenmu ne: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, da nas-nas 'yan Jos da Kafanchan masu son a rage musu faɗin rigar aiki. Kowa da tumbinsa da ƙaryarsa. Mutum zai shanye ciki lokacin awo, ran Sallah ya kira ka ya ce ka matse masa riga.

Amma abin da ya ba ni wurin zama a cikinsu ba kaftani ba ne. In Bahaushe ya rasu a garin nan aka ce a nan za a rufe shi, ni ake kira. Ban yi boko mai zurfi ba, in ana taro a bayan layi nake zama. Ranar rasuwa kuwa sai a matsa a ba ni tabarma, a miƙo min yadi da hannu biyu. Wannan amana ita ce duk mutuncin da na tara a ƙasar mutane. Ita na ɗauka na yi wasa da ita.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara. An rufe shaguna, ba biki, ba suna, Sallah ta zo ta wuce kowa yana ɗaki da tsohuwar jallabiya. Na ɗauke keke na kai ɗakin kwanana ina ɗinka takunkumi daga ragowar shadda. Tela mai aikin babbar riga ya koma ɗinka abin da bai kai tafin hannu ba.

A cikin wannan shekara Injiniya Bashir ya rasu. Mutum ne mai yawan barkwanci, kullum sai ya ce aljihun da nake masa ba ya riƙe kuɗi. Aka kwantar da shi, ba a barin kowa ya shiga. Dakta Lawal, shugaban jama'armu a nan, ya ajiye min yadi a bakin ƙofa ya ja da baya. Na ɗinka ni kaɗai, aka karɓa aka miƙa wa ma'aikata, shi ke nan. Kun san a gida, in an gama suturta mutum, akan kira matarsa ta durƙusa a kansa ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa. Matarsa, Hajiya Binta, ba ta sami wannan ba. Ta ga fitarsa da ƙafarsa zuwa asibiti, daga nan sai waya. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Safiyya, wadda a nan Doha aka haife ta.

Ana cikin wannan hali Sista Rahila ta zo min da wata Baturiya. Sista Rahila nas ce 'yar Jos, Kirista, tana zaune a unguwar Tsohon Filin Jirgi, ta daɗe tana kawo min ɗinki. Baturiyar kuma sunanta Madam Nora, malama ce a wata makarantar kuɗi, ita ke koya wa yara wasan kwaikwayo. Yaran suna gida sun ishi iyayensu, sai ta shirya musu wasa, kowa ya yi nasa a ɗaki a ɗauka da waya. Kayan wasan take nema.

Wasan tatsuniya ne, amma ba irin tamu ta gizo ba. Suna da wani kalar labari da suke ce wa gotik: tsohon gida a kan dutse, hazo, maƙabarta a bayan coci, kowa yana da abin da ya binne. Madam Nora ta buɗe littafi tana nuna min hotuna tana zuba Turanci. Ni ina da Turancin awo, na san inci, na san kala. Wannan kuwa ko kalma ɗaya ban kama ba. Har Sista Rahila, da duk bokonta, wani wurin sai ta ce, "Baba Tela, wannan Turancin kakanninsu ne, bari in tambaye ta."

Kayan farko na wani tsoho ne mai yawo a daji, wani zundumemen mayafi mai hula a haɗe. Na dubi hoton na dubi hoton, sai na ce, "Ai alkyabba ce!" Na yanka shi yankan alkyabba, ya zauna ɗas. Daga nan na sami hanya. Duk abin da aka kawo, sai in zauna a ba ni labarin tun daga farko har ƙarshe, in yi tambayoyin maigidana, sannan in nemo ɗan'uwan abin a gida.

Ku da kuke ganin sauƙi, ku ji irin wahalar. Akwai wani baƙin tsuntsu da ke sauka a taga, duk yaran Turawa da sun gan shi sun san mutuwa ta kusa. Aka ce min dangin hankaka ne. Na ce hankakan da muke jifa don yana satar 'yan tsaki? Wa zai ji tsoronsa? Sai da Sista Rahila ta ce in ɗauka mujiya ce ta yi kuka a kan rufin ɗaki, sannan jikina ya gane, na ɗinka fukafukan da nauyi. Akwai matar da aka yi wa rasuwa ta sa baƙi tun daga kai har ƙafa da leshi a fuska, su a wurinsu wannan ne takaba. Akwai madubin da ake rufewa da zane in an yi mutuwa a gida, wai kada kurwar mamacin ta maƙale a ciki. Na yi dariya, sai na tuna kakata ba ta barin mu duba madubi da dare, na rufe bakina. Ana tsayar da agogo, ana zuba gishiri a bakin ƙofa, ana kaɗa ƙararrawa a hankali. Kowane ɗaya magana ce suke yi wa junansu, wanda bai tashi a ciki ba sai dai ya ga gishiri kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tsufar da kaya. Madam Nora ba ta son sabon abu. In gama riga tsaf, ta ce in jiƙa ta a ruwan shayi, in goga bakin hannun a kan dutse, in farke wani wurin. Tela ya zauna yana lalata aikinsa da hannunsa! Da Alhaji Ɗanjuma ya gan ni da ya ce na taɓu. Amma na iya, har na san shayin da ke ba da launin shekara da shekaru da wanda ke ba da launin datti kawai.

Aikin ya karɓe ni. Aka buɗe makarantu, wasa ya koma kan dandamali, wasu malamai ma suka fara aiko min. Kaina ya kumbura. Na riƙa cewa a gaban mutane babu abin da ke cikin tatsuniyar Bature da ba shi da ɗan'uwa a Funtuwa. Ku riƙe wannan maganar, ita ce ta kayar da ni.

Sai ga shekarar gasar ƙwallon duniya. Ba ku ga Al Asmakh a lokacin ba. Tun kafin a fara, baƙi sun cika gari, kowa yana son jallabiyar Larabawa amma da launin tutar ƙasarsu. Kore, ja, ruwan ɗorawa, shuɗi da ratsin fari. Kafil yana tsaye a kaina yana "yalla, yalla", wato maza-maza, keke ba ya hucewa, ƙafata ta kumbura kamar an hura. A tsakiyar wannan Madam Nora ta kira. Za a rufe makarantu saboda gasar, tana son yin babban wasa kafin nan. Labarin 'yar wani mai kaɗa ƙararrawa ne, da aka aurar da ita gidan masu dukiya, ta mutu cikin sanyi, suka binne ta ba takalmi saboda rowa, ta riƙa dawowa tana neman takalmanta. Iyakar abin da na tsaya na ji ke nan. Sauran kayan duk na san irinsu. Guda ɗaya ne ta kira da wata kalma da ban taɓa ji ba.

Na tura wa Sista Rahila, tana bakin aiki. Ta aiko min da murya a gurguje: "Baba Tela, likkafani take nufi. Na fatalwar ne."

Ba zan yi muku ƙarya ba, gabana ya faɗi. Na ajiye waya. Amma Madam Nora ta ce tana son ya fito kamar na gaske, ta ce ta san ni ba na aikin wasa. Sai zuciya ta ce min, ai ga wurin da ka fi kowa. Alkyabba ka yi ta kwatance, mujiya ka yi ta kwatance, wannan kuwa naka ne. Kuma su wa za su gani? Turawa da Indiyawa da 'yan Lebanon, waɗanda ba su san shi ba. Na ce a aiko min da tsawo kawai. Aka aiko. Ban tambayi wa zai sa ba.

Da hoton da Madam Nora ta turo min na bi, da ba abin da ya faru. Nasu wani tsumma ne mai shara-shara, yage-yage, yana jan ƙasa, kamar tsohon labule. Ni kuwa na raina shi. Na sayo farin yadi na ainihi. Ban yi alwala ba, ban shimfiɗa tabarma ba, amma hannu ya bi hanyar da ya sani: na yaga, na zare zare daga jiki, ban ƙulla ba. Na yi riga, na yi zane, na yi kallabi tunda mace ce, na yago igiyoyin ɗauri. Abu biyu kawai na sauya. Na buɗe wurin fuska, na kuma tsaga shi daga gwiwa zuwa ƙasa don mai shi ta iya tafiya. Na naɗe na aika, na koma kan tutoci.

Ranar wasan Madam Nora ta matsa sai na je. Bayan la'asar ne, a zauren makarantar can wajen Mu'aither. Na sa kaftanina mai kyau na zauna a baya. Ina zama na hango hula zanna a gaba, na hango wata, na ga Dakta Lawal da iyalinsa. Ashe 'ya'yan mutanenmu da yawa a makarantar suke. Na sha jinin jikina, amma na ce wa kaina wasa ne. Kafin a fara, Madam Nora ta hau ta yi godiya, ta kira sunana, ta ce duk kayan da za a gani aikina ne. Na miƙe tsaye, aka tafa, har na ɗaga hannu ina murmushi. Wannan ɗaga hannun ya fi komai ƙona ni.

Tsuntsu ya fito, mai takaba ta fito, aka rufe madubi, aka zuba gishiri. Aka rage fitila, ƙararrawa ta fara kaɗawa a hankali. Sai ga fatalwar daga gefe, fari fat, ɗauri a ka, ɗauri a tsakiya, ƙafa ba takalmi, tana tahowa kaɗan-kaɗan. Turawa suka ɗauki tafi, wata a kusa da ni har tana cewa ya yi kyau. Daga inda mutanenmu suke kuwa ba ka jin komai, sai wata murya da ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Fatalwar ta buɗe baki tana neman takalmanta da Turanci. Na san muryar. Yarinyar da take rako mahaifinta shagona tana wasa da allina ce. Safiyya ce.

Hajiya Binta ta miƙe daga layi na biyu. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta taka ta hau dandamalin a gaban kowa, ta sa hannu ta kwance ɗaurin kan, ta kwance na tsakiya. Ta cire mayafinta ta lulluɓe yarinyar. Safiyya tana cewa, "Mama, wasa ne fa, Mama, kowa yana kallo," tana kuka don an ɓata mata wasan da ta daɗe tana koyo. Yarinyar da ta tashi a Doha, ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin likkafani ba. Ita a wurinta rigar fatalwa ce. Uwar ta riƙe ta suka sauka, suka bi ta tsakiya suka fita, suka wuce ta gefena. Dakta Lawal ya juyo ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Madam Nora ta zo shago idonta ya yi ja, tana ta ba da haƙuri, tana tambayar me ta yi. Na sa Sista Rahila ta gaya mata ba laifinta. Su a wurinsu abin ya zama tsohon labari, matattunsu da kwat da riga mai kyau suke tafiya, sai likkafani ya rage a littafi ana tsorata yara da shi. Mu kuwa babu wanda ke zauren nan da ba zai sa shi ba. Na yi ta neman 'yan'uwan kayansu a gida, ban taɓa tsayawa na duba ba ko nasu ya mutu namu yana da rai.

Dakta Lawal bai zo da faɗa ba. Ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya ɗauki wani ƙyalle yana juyawa.

"Malam Sabi'u," ya ce, "jama'a sun yi magana. Sun ce a ɗan dakata da kawo maka likkafani tukuna."

Na ce, "Sun yi daidai, Dakta."

Aka fara gasa, gari ya rikice da ganguna da ƙaho. Ina ɗinka tutocin mutane, kaina a ƙasa. Ana tsakiyar haka wani direba Bahaushe ɗan Zango, mutumin Kumasi, ya rasu. A bakin wani na ji. Aka ba wani tela ɗan Bangladash yadi ya zuga a keke. Na je jana'iza na tsaya a sahun ƙarshe, na ga bakin likkafanin da ɗinkin keke a jiki har da ƙulli. Aka gaisa da ni kamar kullum, sai dai ba wanda ya matsa ya ba ni wuri.

Na so in je gidan Hajiya Binta, na kasa. Sau da yawa na kama hanya, in na kusa sai in juya. Me zan ce mata? In ce ban san 'yarta ce ba? Ai rashin sanin shi ne laifin.

Bayan baƙi sun watse, gari ya yi shiru, wata safiya ina share shago sai ga sallama. Hajiya Binta ce, Sista Rahila na biye da ita, a hannunta da leda. Na jingine tsintsiyar. Muka gaisa, ina kallon ƙasa. Na fara, "Hajiya, don girman Allah..."

"Ba wannan ya kawo ni ba, Malam," ta ce. Ta zaro shi daga leda, a wanke, a goge, ta shimfiɗa a kan teburin yanka. "Mutane sun ce in ƙona shi. Wasu sun ce in jefar. Na kasa. Kullum sai in buɗe in duba." Ta bi gefen da yatsa. "Na Abban Safiyya, haka yake?"

Na ce haka yake. Yadin ma irinsa ne. Sai dai shi da rawani a maimakon kallabi.

"Nuna min."

Na nuna mata. Ga wanda ake fara shimfiɗawa, ga zane, ga yadda riga ke shiga ta kai, ga inda ake naɗowa daga dama, ga inda ɗauri ke zama. Tana tambaya ina amsawa, kamar mai sayen atamfa. Ta ce ya ishe shi tsawo? Na ce na san awonsa a ka, har na bar masa sarari. Sista Rahila ta juya ta fuskanci bango tana share ido.

Hajiya ta ce, "An riga an ɗinka shi, dole yana da mai shi. Ba zan yarda ya zauna da sunan 'yata ba. Tsawonmu ɗaya da ita yanzu. Ya zama nawa." Ta kama wurin da na tsaga daga gwiwa. "Rufe nan. Mai shi ba za ta yi tafiya ba. Ka rufe fuskar ma. Na gaya wa Dakta, wanda ya yi na maigidana shi zai gama nawa, wanda yake da magana ya zo ya same ni."

Daga baya jama'a sun dawo suna kirana, kuma ta dalilin wannan maganar tata ne. Amma a ranar ban ma yi tunanin haka ba. Na je na yi alwala. Na rufe keke da zane, na shimfiɗa tabarma a ƙasa, nan inda ƙafarku take. Na zare zare daga gefen yadin na sa a allura. Tun da nake, ban taɓa ɗinka likkafani mai shi yana zaune yana kallona ba. Wa zai sa, ina za shi da shi, su wa za su gani, duk ga amsar a gabana, ban tambayi ko ɗaya ba.

Ba ta ɗauke ido daga hannuna ba har na kai ƙarshe. Da ta ga na ja zaren na bar shi haka, ta ce, "Ba ƙulli?"

Na ce, "Ba a ƙullawa, Hajiya."

"Shi ma haka ka bar masa?"

"Haka."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a bakin tabarmar. Ta ɗora tafin hannunta a kan farin yadin, daidai wurin ƙirji, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, da muryar da duk muka ji, "Abban Safiyya, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe min."

Ta naɗe shi da kanta, ta mayar cikin leda, ta yi mana sallama. Ni ba ta ce ta yafe min ba, ni kuma har yau ban sami fuskar tambaya ba.